Hoto Mai Haƙora a Gefe

Hoto ɗaya tak muke da shi na mahaifiyarmu, shi ma ba nata ba ne. Hoton bikin Kawu Ezekiya ne a Duvu, irin na dā mai haƙora a gefe kamar zarto. Inna tana can ƙarshen layi, rabin fuskarta kawai ya shiga. Sauran hotunanmu sun ƙone tare da gidanmu shekarar da muka gudu.

Damina ta fara cin takardar, sai na kai shagon Kalibu mai hoto a bakin kasuwar Mubi ya sa mini a leda. Na je sayen manja na dawo, ya miƙo mini yana murmushi.

Gefen ya miƙe sumul. Babu haƙora, babu Inna.

"Ina gefen?"

"Na gyara miki, Mama. Wa yake irin wannan yankan yanzu? Kamar ɓera ya ci. Leda ba ta kamawa sai an daidaita, kuma ya fi ledar faɗi."

"Ka yanke uwata?"

Wai dariya ya yi! Ni Miriyamu, ban san lokacin da na ɗauki kujerar ƙarfe ba. Na maka masa a kafaɗa, na sake ɗagawa na rotsa gilashin kantarsa. Ya shaƙe ni, na gantsara masa cizo a hannu har na ji gishirin jini. Ya kwaɗa mini mari, na rarumi kwalbar tawada na fasa masa a goshi. Muka zube ƙasa muna birgima cikin gilashi, ina ihu, yana zagina da Fulatanci. Sai da 'yan acaɓa suka shigo suka ɓamɓare ni daga wuyansa.

Yana zaune jini na bin hancinsa ya ce, "Ai ban zubar ba. Guntayen na nan ƙasan tebur, da kin tambaya."

Na rarrafa. Guntayen suna nan inda muka yi birgimar, sun jiƙe sharkaf da tawada da jini. Na gane na Inna da ɗankwalinta. Na sa bakin zanina na goge a hankali, wallahi a hankali, sai fuskar ta biyo zanin. Farar takarda ta rage a hannuna.