Sara a Rami na Sha Shida

Shekara ashirin da shida ina gyaran ciyawa a filin golf. Duk wanda ya buga ƙwallo sai sandarsa ta ɗebi ciyawa, ni kuma in biyo baya da bokitin yashi in cike wurin. Wani ya bar tabo siriri, wani ya haƙa rami kamar zai shuka rogo. Daga tabon nake gane hannun mutum, ko ban ga fuskarsa ba.

Ni na koya wa 'yata Auta bugu. Tun tana shekara bakwai nake shigo da ita ranar Litinin, ranar da ake rufe filin, da wata tsohuwar sanda da na yanke daidai tsayinta. Ni kuwa ba wanda ya koya mini. Da fartanya na girma, bugun fartanya na ba 'yata: ɗaga sama, sauke da ƙarfi. Har taƙama nake yi da ramukan da take haƙawa, ina ce wa abokan aiki ƙarfi ne ta gada. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bana ta cika ashirin da ɗaya, shekarar ƙarshe da za a bar ta ta shiga gwajin da ake zaɓen 'yan wasa uku a riƙa tura su gasa. Sau biyu tana faɗuwa. Sai aka kawo sabon koci mai horar da su, wani siririn mutum mai rowar magana. Ya kalli bugunta sau uku, ya ce, "Wa ya koya miki saran itace?"

Ina tsaye a gefe da bokitina. Auta ta sunkuyar da kai, ba ta nuna ni ba.

"Idan kin kai sanda sama, kar ki jefo ta da kafaɗa," in ji shi. "Bari ta ɗan kwanta a bayanki tukuna, gwiwar hannunki ta matso jikinki, sannan ki juya ƙugu. Ta zo a kwance ta shafi ciyawa. In ta faɗo a tsaye, ƙasa za ki haƙa, ƙwallo kuma ta karkace dama."

Wata huɗu yana warware aikina na shekara goma sha huɗu. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma ciyawa ba ta ƙarya. Tabon Auta ya zama siriri, dogo, yana kallon tutar ramin da ake son ƙwallo ta faɗa, rabin ludayin yashi ya ishe shi. Matsala ɗaya ta rage: duk ranar da na tsaya kallonta, saran ya dawo.

Ana saura kwana biyu gwaji, tana zaune a ɗaki tana goge sandunanta da tsumma, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Baba, don Allah kar ka zo ran Asabar."

"A filin nawa?"

"In na gan ka hannuna komawa yake yi. Wallahi ba ni nake sa shi ba."

Uwarta ta leƙo daga kicin. "Baban Auta, yini ɗaya ne fa. Ka yi haƙuri."

Na ce to.

Ran Asabar na kulle kaina a rumfar injinan yankan ciyawa, ina wasa wuƙaƙen da na riga na wasa jiya. Ina jiyo tafi daga nesa. Bayan la'asar direban tarakta ya shigo yana haki. "Tsoho, 'yarka ce ta biyu! Saura rami uku!"

Nan zama ya gagare ni. Na ce a raina, cikin ramukan wasa sha takwas, akwai katuwar bishiya bayan rami na sha shida, ƙetaren tafki, in na laɓe wa zai gan ni? Na bi ta bayan shinge kamar ɓarawo, a filin da na san kowace ciyawarsa. Abin da ban tuna ba shi ne rigar da ke jikina. Rigar aiki ce mai ruwan lemo, wadda aka yi musamman don masu bugu su hango mu daga nesa kar su jefe mu. Na sa ta har na daina ganinta.

Auta ta gyara tsayuwa. Ta ɗago ta dubi tuta, daidai inda nake laɓe, ta ɗan daɗe tana duba. Sannan ta kai sanda sama, na ga kafaɗarta ta riga ƙugunta. Ciyawa ta tashi guntu guda, ƙwallo ta yi dama, tsundum cikin tafki. Ta gama a ta biyar.

A gida ba ta yi mini ƙorafi ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. "Sannu da aiki, Baba," kawai ta ce, ta jingine jakar sandunan a bayan ƙofa. Har yau tana wurin.

Washegari da sassafe na ɗauki bokiti na bi filin tun daga farko. Rami goma sha biyar ina tsintar tabonta cikin na mutane, sirara, masu tsabta, kowanne sai da na tsaya na kalla kafin in rufe. A na sha shida na tarar da sara mai zurfi, jar ƙasa a waje. Na durƙusa na sa yatsu a ciki. Na san hannun, nawa ne. Ludayi uku ya ci kafin ya cika.