Gilasan Saman Soro

Duk gilashin da Rabab ta shanya a saman soronsu a Aswan, rana ce ke cinye shi. Gilasai biyu take mannewa, ta rina cikinsu da zoɓo, ta ɗura ruwan aidin a tsakani. Rinin ke kama haske, ruwan ke sa lantarki ya zagaya. Da zafi ya tsananta sai ruwan ya ƙafe, wutar ta mutu.

Dakta Mamduh, shugaban sashensu a jami'a, ya ƙosa. "Ke mai zoɓo, in bana ma ya ƙafe, teburinki na ɗakin gwaji zan ba wani. Sai ki nemi ƙanƙara ki kafa rumfa."

Bana sai ta haɗa ruwan da ƙaro, ya yi kauri kamar kunu. Kullum da yamma in ta dawo daga jami'a takan hau soron da kumburarrun ƙafafu ta auna, allurar ma'aunin lantarki ta motsa. Bazara ta yi nisa bai ƙafe ba. Ta je ta sanar da Dakta, ko zama ba ta yi ba.

Wata rana ciwon kai ya koro ta gida da azahar. Soron wayam. A inuwar matakala ta tarar da gilasanta jere kusa da ƙullun burodin da uwarta ke shanyawa ya kumbura, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen ƙyalle.

"Mama! Wa ya taɓa mini kaya?"

"Ni mana," in ji uwar, Hajja Sakina. "Ƙullu ma in ya tashi ɗauke shi ake yi, balle abin da ya ramar mini da 'ya. Kafin ki dawo nake mayarwa inda kika ajiye."

"Tun yaushe?"

"Tun da na ga kukan da kika yi wa na bara."

Rabab ta zauna a matakala. In ta yi shiru, ba mai sani. Ta ɗauko wayarta ta kira.

"Dakta, gilasan nan ba su sha rana ba. Zan sake gwajin."

"Bazara ta kusa ƙarewa. Teburin kuma..."

"Ka bayar. Soron dai na ubana ne."

Ta mayar da gilasan tsakiyar rana, ta zauna gadinsu. Can Hajja Sakina ta hawo tana haki, ta ɗaga farantin burodi bisa kan 'yarta, tana karkata shi kada inuwar ta taɓa gilashi.