Cittar Salihu

Tun da Salihu ya rasu, matarsa Zulaiha ba ta daina yanka citta ta mutum biyu ba. Hannunta ne ke yi ba tare da shawararta ba. Kafin abincin rana za ta fere ta siri-siri, ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa gishiri, sai ta duba faranti ta ga kashi biyu.

Kavita ce ta koya musu, wata Ba'indiya mai haɗa wa 'yan kasuwa kaya zuwa jirgin ruwa, wadda ofishinta ke jikin shagonsu na takalma a titin Zhanxi Lu, cikin birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Lokacin Salihu na fama da kumburin ciki, abincin Guangzhou ya ƙi karɓarsa. Kavita ta ce a wajensu ciki murhu ne, ba a kwara masa ruwan sanyi. Ta ce ya tauna citta kafin ya ci, ya sha ruwan ɗumi, ya jiƙa hulba, babban cinsa ya zama da rana, in ya gama ya ɗan taka.

Kuma ya ji daɗi, wannan ba ƙarya. Mutumin da ko maganin mura sai an yi rigima da shi ya koma malamin ciki, duk Bakanon da ya shigo sayen takalmi sai ya sha wa'azin ruwan ɗumi. Yana ramewa yana cewa tumbi ne ke sauka. Ranar da ya faɗi a bakin shago, likitoci suka ce abin ya daɗe yana cinsa.

Yanzu in kasuwa ta lafa da azahar, Zulaiha kan ji kujerarsa ta yi ƙara, ta ji gyatsarsa da "Alhamdu lillahi" a hankali. Ba ta juyawa. Tsoro take ji, kuma ba ta so ya daina zuwa. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne zafin da ke ƙarƙashin haƙarƙarinta, daidai inda shi ma yake dafawa. Asibiti kuwa ko ta ƙofarsa ba ta son bi, can ta shiga da miji ta fito ita kaɗai.

Wata rana Kavita ta leƙo ta same ta a dunƙule bayan kwalaye, faranti a gabanta. Ta tsaya tana kallon hannun da ke dafe da ciki.

"Hajiya, tashi mu tafi."

"Iska ce kawai. Bari in tauna wannan."

Kavita ta janye farantin. "Wannan na mai lafiya ne da abinci ya tsaya masa. Na gaya wa mijinki ya ga likita, ya roƙe ni kada in tayar miki da hankali, na yi shiru. Ba zan sake ba."

Ta rufe shagon da kanta, ta tare mota.

A asibiti wata ma'aikaciya ta tambaya da Turanci yaushe ciwon ya fara.

"Bai daɗe ba," in ji Zulaiha. "Kwana biyun nan ne."

Kavita ta runtse ido. "Haka mijinki ya ce mini, wallahi. Haka ya ce."

Ma'aikaciyar na jira. Zulaiha ta sake buɗe baki, ta ce a hankali:

"Tun yana raye. Nasa ya fi nawa, shi ya sa ban faɗa ba."