Hannun Haidar

…huɗu. To huɗu ne mana, sau nawa zan ƙirga? Daga sama huɗu, daga ƙasa huɗu, sai ka ce takarda za ta ji tausayina ta haifo na biyar. Muhammadu, Habibullahi, Abba, Abdu. Layi na biyar fari tas. A ƙasansa kuma wai layi biyu na 'yan ajiya — ajiya! Wa gare ni da zan ajiye? Mutanen kwamitin gasar nan sun ɗauka ɗan dambe albasa ne, ka zuba a rumbu ka rufe sai ranar da ka ga dama.

Kafin azahar, in ji sakatarensu. Zai biyo ta kasuwa a babur, ya karɓa, ya wuce Aliero. Kuma abin da ka rubuta ka rubuta, ba gogewa ba canji. Wanda sunansa ya hau layi dole ya ɗaura zare ya fito fili. Layin da aka bari fari kuwa an kashe shi ke nan tun ba a kaɗa kalangu ba. Dambe biyar… ɓangaren da ya yi kisa uku ya wuce, ɗayan ya kama hanyar gida. Sili ɗaya ƙwale. Juma'a, Asabar, Lahadi, kwana uku a jere, in Allah ya sa mun kai. Da mutum huɗu? Ni Attahiru, uban 'yan damben mahautan Jega, in shiga Aliero da mutum huɗu da farin layi?

Ga shi can. Na ce ba zan duba ba, kuma ina dubawa. Haidar, rumfa uku daga inda nake zaune, tsaye bayan teburinsa yana ta fara'a da masu saye. Kisa tara bana, ba a taɓa kai gwiwarsa ƙasa ba. Mijin 'yata. Tun safe ban ga ya taɓa gatari ba — cinyar bijimi guda na rataye, Abdu ke sara masa ƙashi, shi ƙulla leda kawai yake. Haidar da ke raba ƙashin baya sara biyu… yau ƙulla leda? Hannun dama na cikin aljihun riga. Wane mahauci ke sa hannu a aljihu ranar kasuwa?

Jiya da hantsi. Fatimatu ta zo gida wai gaida uwarta, ta tarar da ni a zaure, ta durƙusa, ta gaishe ni, ta ƙi tashi. Sai murza bakin gyale. Na ce mene ne. "Baba, kwana ukku ke nan da hauni shi ka cin tuwo. Ya ce kar in hwaɗi ma kowa." Shi ke nan, ta tashi ta shige ciki. Da hagu! Yaron da ko ruwa ka miƙa masa ba ya karɓa da hagu, ya ja labule ya zauna yana kai loma da shi a ɓoye kamar mai cin na sata… Me ya sa ta gaya mini? Da ta bar ni cikin rashin sanina. A'a, astagfirullah, ban faɗi haka ba. Na faɗa. A zuciya na faɗa, kuma har yanzu ina jin haushinta, haushin 'yar da na haifa, don ta gaya mini gaskiya.

To bari mu gani, a hankali. Muhammadu. Shekara talatin da takwas, ƙwarewa kam har ta yi yawa, amma numfashinsa na turmi ɗaya ne. In bai yi kisa a turmin farko ba, a na biyu sai ka ji shi yana huci kamar injin ban-ruwa da ya sha yashi. Juma'a zai iya. Asabar fa? Lahadi kuwa sai dai a ɗauko shi a baro. Habibullahi — ƙarfi kamar bijimi, Allah ya ba shi, amma da ya ga hannu tafe sai ya runtse ido. Shekara huɗu ina faɗa: buɗe idonka, buɗe idonka! Sai ya ce to, Maigida. Gobe ya runtse. Abba, madalla, Abba ba shi da laifi, sai dai raunin girarsa bai gama haɗewa ba, taɓawa ɗaya jini zai rufe masa gani. Abdu kuwa bana ya fara ɗaura zare. Bai taɓa jin ihun filin Aliero ba. Ƙafa na iya mutuwa mutum na tsaye, na gani da idona.

Sadiq… kai, Sadiq, ka cuce ni. Bahago ɗaya tal da nake da shi. Na ce kada ka bi motar albasar nan zuwa kudu, ka ce kwana biyar ne. Yau kwana goma sha biyu. "Muna nan tahe, Maigida, in an samu ƙarhen mota." Ƙarfen mota! A wani gari da ko sunansa ban iya faɗa ba. In na rubuta ka a layi na biyar ba ka iso ba, daidai yake da fari. Kuma ranar Juma'a da mutanen Maiyama za mu fara, ga dogon bahagon nan nasu na Andarai, mai hannu kamar tabarya. Wa zan tura masa? Mai runtse ido? Duk Jega mutum biyu ke iya tsayawa gabansa. Ɗaya na gindin lalatacciyar mota, ɗaya na ƙulla leda.

Wata mata na son rabin kilo da ɗan hanta… ga shi, Hajiya, Allah ya amfana. Ba ni na yanka ba, ni miƙawa kawai nake. Shekara ashirin da shida ina miƙawa. Mahauci ɗan mahauci, jikan mahauci, wuƙa ba ta zama a hannuna. Yatsu biyun nan sun sandare tun ina ɗan ashirin da bakwai, ko biron nan sai na matse shi da babban yatsa kamar mai riƙe da ƙaya. Kawu Murtala, Allah ya ji ƙanka, kai ka ɗaura mini zare ranar. Sau uku a yini ɗaya, don ba ka da kowa a baya. Na daɗe da yafe maka. Na yafe? Ban sani ba. Duk sanyin asuba sai hannun ya tuna mini da kai.

Maiyama, makon jiya. Zagayen share fage. Rana ta yi sanyi, fili ya cika har kan katanga, Abba na zaune da tsumma a goshi, Sadiq ba ya nan… wa zan sa? Dokar share fage ta yarda mutum ya maimaita. Na sa Haidar Asabar, ya yi kisa. Na sa shi Lahadi, ya yi kisa. Sai aka yi kunnen doki, ana neman dambe ɗaya na raba gardama — na waiwaya, na dubi bayana, ba kowa sai masu riƙe da buta. Na dube shi. Ban ma yi magana ba, ya miƙo hannu. Turmi na biyu ya kai naushi, wancan ya sunkuya, hannu ya sauka a tsakar ka. Na ji ƙarar. Ƙas! Duk da kalangu, duk da ihu, na ji ta, don na san ta. Ya ƙarasa damben, ya yi kisan ma, aka ɗaga shi sama… Da na zo kwance zaren, sai ya ce a bar shi, zai kwance da kansa a mota. Na bar shi. Me ya sa na bar shi? Shekara bakwai ni ke kwance masa.

Ƙila targaɗe ne. Ai targaɗe ma na hana cin tuwo. Kwana uku ya rage, a gasa da ruwan zafi, a shafa man shanu, a ɗaure tamau… zare na riƙe hannu, kowa ya sani. In jini ya hau, kiɗa ya tashi, mutum ba ya jin komai. Naushi ɗaya yake bukata, Haidar ne fa. Juma'a kawai. Kafin Asabar Sadiq ya iso, in sa shi a layin ajiya, ya karɓe shi… To in tsagewa ce? In ƙashi ya tsage, naushi ɗayan nan shi zai ƙarasa shi. Sai ya dawo nan kusa da ni a ba shi benci. Mu biyu, suruki da suruki, muna miƙa wa mata hanta. Fatimatu da ciki wata shida. Wallahi tsoro nake ji. Tsoro, ba wani abu ba.

A kai shi asibiti a ɗauki hoto mana. Ko wurin mai ɗori a Birnin Malam. Eh — kafin mu dawo duk kasuwa ta sani, kafin la'asar Maiyama ta sani. To su sani ɗin! Me zai faru? Sai a ce Attahiru ya kai Jega bakin kofi, shekara goma sha ɗaya rabonmu da kaiwa nan, ya zo ya karya gwarzonsa a share fage don rashin lissafi. Kuma ba su yi ƙarya ba. Makaɗa sun riga sun shirya kirari. Dillalan shanu sun yi hayar mota biyu. Tsoho Muhammadu ya ce bana ce shekararsa ta ƙarshe, yana so 'ya'yansa su ga kofi a rumfar nan ko da yini ɗaya ne. Ni ma fa? Ni ba na so? Tun ranar da hannun nan ya mutu nake jiran Lahadi irin wannan. Ina so. Ina so har ina jin kunyar yadda nake so.

Inuwar rumfa ta janye daga ƙafata. Rana ta kusa tsaka. Kowane babur ya ratso layin mahauta sai gabana ya faɗi… ba sakataren ba ne, mai kai ƙanƙara ne.

Mafita ɗaya ce, in tambaye shi. Ai hannunsa ne, shi ya san abin da yake ji. Ba yaro ba ne, magidanci ne. In ya ce lafiya, na rubuta, in ya ce ba lafiya, na bari fari, kowa ya huta, ba wanda zai ce na tilasta. Adalci ke nan ko? In tashi yanzu. Ga mutane sun taru a teburinsa ma, Muhammadu na wurin, da dillalai biyu, da mai kalangun nan da ke yawo yana ɗumama kasuwa… daidai. In je in ce, Haidar, hannun lafiya?

Tsaya.

Da asuba fa? Daga masallaci zuwa mayanka tare muka taka, ni da shi, ba na uku. Yana bayana da taku biyu kamar kullum tun da ya auri 'yata, kai a sunkuye. Tafiyar minti goma sha biyar. Na yi masa zancen tsadar shanu. Na yi masa zancen ruwan gulbi. Hannun na cikin aljihu, ina ganinsa ta gefen ido… ban tambaya ba. Me ya hana ni? Ba kowa a hanyar. A can, cikin shiru, ƙila da ya iya buɗe baki. Ƙila. Da ya ce, Baba, akwai ɗan ciwo. Shi ne ban tambaya ba. Na jira har rana ta ɗaga, kasuwa ta cika, mai kalangu ya iso.

Wane suruki ne zai dubi uban matarsa gaban jama'a ya ce ba zan iya ba? Yaron da ba ya iya cin abinci a gabana, ba ya iya kiran sunana, in na shigo zaure sai ya miƙe? Ko hannun ya rabu biyu zai ce lafiya lau. Na sani. Tun jiya na sani, shi ya sa nake kiranta tambaya… Kawu, ashe haka ka yi? "Attahiru, hannun ga lahiya shi ke?" — gaban makaɗa, gaban 'yan matan garinmu, zare riƙe a hannunka. Na ce lahiya lau. Shekara ashirin da shida ina cewa ai ni na amsa da bakina. Ashe ka san amsar tun kafin ka buɗe naka bakin. Kai ma tsoro kake ji? Kai ma ka waiwaya ba kowa a bayanka?

Na riga na miƙe. Yaushe na miƙe? Takarda a hannu, ƙafafu na tafiya da kansu, rumfa ɗaya, rumfa biyu… mai kalangu ya hango ni ya ƙara wuta, mutane na buɗa mini hanya suna murmushi. Muhammadu na gyara tsayuwa. Haidar ya ajiye leda. Ya russuna, ido a ƙasa, gumi a goshinsa alhali yana cikin inuwa.

"Baba, an rubuta?"

Duk sun zuba mini ido. A bakin layi babur ya tsaya, an kashe inji — wannan karon shi ne, ga jakar takardu a kafaɗa. In ce masa zo mu zaga baya, ni da kai? Gaban mutanen nan, ai faɗar ke nan, kowa zai gane. In tambaya a nan… a'a. In rubuta kawai ba tambaya, laifin ya zama nawa ni kaɗai? In bari fari, in ɗaga murya in ce ni na karya shi a Maiyama? Bakina a buɗe yake, ina jin iska na shiga. Ya fara zaro hannun daga aljihu, a hankali, don ya nuna musu lafiya yake… kada ka fito da shi, ɗana. Don Allah kada ka dunƙula. Ban shirya ba. Ban san wanne zan faɗa ba…