Maƙwabcin Noreen

"Ki rabu da tagar nan, kina sa ni jiri," in ji Alƙali Haskins daga kan gado.

Noreen ta saki labulen, ta ɗauki kwanon romon kazar da ta kawo masa. Cokali biyu ya sha ya kau da kai. Mutumin da a da in ya yi gyaran murya kotu ke yin tsit, yau ga shi duk ya zube, da robar iska a hanci.

"An sako Curtis, ranka ya daɗe," ta ce.

"Na ji."

Curtis tsohon mijinta ne, wanda ya karya mata muƙamuƙi a ɗakin girki. Alƙali Haskins ne ya ɗaure shi, kuma duk sanda lauya ya zo neman sassauci sai ya ce a fara duba hoton fuskarta. Ana nan sai mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a cewa alƙali ba zai wuce shekara goma sha biyu a kujera ba. Tsoho ya tattara ya dawo gida. Wadda ta gaje shi ba muguwa ba ce, sai dai Curtis ɗin da ta sani shi ne mai ladabi, mai rera waƙar coci a gidan yari, shi ya sa ta yi masa sassauci.

Gidan da Noreen ke haya kusa da na alƙali kuwa ba kyansa ya kawo ta ba, don rufin ma yoyo yake. Motar 'yan sanda da ke gadin ƙofar alƙali ita ta kawo ta. Da wa'adinsa ya cika aka janye gadin, amma tsohon nan da wayo, sai ya saba wa wani ɗan sanda mai suna Odell da shan kofi a barandarsa safe da yamma. Motar ta ci gaba da tsayawa a layin.

"Ni ma na zaɓi dokar nan ta shekara goma sha biyu, kin sani," ya ce. "Kujera ai ba ta uban kowa ba ce."

"To ni fa? In ka..."

"In na mutu? Faɗi mana, 'yata, ba a kotu muke ba." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Na yi wa Odell magana."

Ta tare Odell a baranda da yamma. Ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Zan riƙa leƙowa, Noreen, in na samu sarari. Amma gaskiya don tsoho ake kau da kai a ofis. Bayansa babban titi za a mayar da ni."

Ranar Juma'a da hantsi alƙali ya cika, tana gyara masa filo. Ta yi kuka sosai, ita kanta ba ta san nawa ne nasa nawa ne na tsoro ba.

Ya bar wasiyya a bi da gawarsa ta ƙofar gidansa. Noreen ba ta iya shiga taro ba, ta tsaya a barandarta da baƙar riga. Motocin 'yan sanda suka wuce a gaba da fitilu a kunne, ba jiniya, Odell na jan ta farko. Kamar yadda aka saba a garin, duk motar da ta ci karo da masu rakiyar gawa sai ta rakuɓe gefen titi ta jira. Mai raba wasiƙu ya tsaya, motar makaranta ta tsaya, wata tsohuwar a-kori-kura ruwan toka ita ma ta tsaya daura da gidanta.

Da motar ƙarshe ta sha kwana, kowa ya tayar ya kama gabansa. Layin ya yi shiru. A-kori-kurar nan ba ta motsa ba, sai ma direban ya kashe injin. A lokacin Noreen ta gane motar Curtis ce.