Shaidar Arzika a Kan Mazurarin Riɗi

A shekarun da taraktoci suka cinye dajin Simsim ne dokar ta iso daga Khartoum. Ta ce tunani ma dukiya ne kamar saniya, ana iya ɗana masa alama a ce na wane ne. Talakawan Gadarif sun yi murna. Da ma shi kaɗai ya rage musu da ba a samu hanyar ƙwacewa ba.

Arzika bai san da zaman dokar ba. Shi mai kula da leburori ne a mashru'in Haj Babikir, gonar da tarakta kan yini ba ta ga ƙarshenta ba. Kakanninsa makiyaya ne da suka taso daga yamma za su Makka, suka ya da zango a nan don su huta, har yau ana hutun. Shanun sun ƙare. Kunya ce ta rage a gadon, ita kuwa ya riƙe ta hannu biyu.

Ɗansa na fari, Ɗanliti, walda yake yi a garin Doka. Injin shukar da ake kawowa daga waje don dawa aka yi shi, in an zuba masa riɗi sai ya watsar kamar buhu ya ɓarke. Da rani Ɗanliti ya zauna a tsakar gidan ubansa da tsohuwar garwa da sarƙar keke, ya ƙera wani mazurari mai sakin iri daidai-wa-daida. Arzika ya ga komai ta wutsiyar ido, yana ta tufkar igiyar da ba ya bukata.

Haj Babikir ya ga mazurarin, ya ce masha Allah, ya are shi. Ya tafi Khartoum ya dawo da takarda mai hatimi, wadda ta tabbatar cewa shi ya ƙirƙiro shi, shi da bai taɓa riƙe guduma ba sai dai ya miƙa wa wani. Aka aiko wa Ɗanliti cewa in ya sake ƙera irinsa, sata ya yi.

Ɗanliti ya kai ƙara kotu, wani matashin lauya ya tsaya masa. Ya ce doka tana tare da wanda ya fara ƙirƙira, shaida kawai ake nema.

"Ga ni," in ji Maiturare, yayar Arzika, wadda ta goyi Ɗanliti tun daga yaye. "Garwata ce ma ya yanka, ɗan banza."

"Ya Hajja, shaidar uba ta fi nauyi," in ji lauya. Ya karanta dokar da harsuna biyu. Bai tambayi kowa yadda uba ke yi da ɗan fari a gidan su Arzika ba.

Ranar shari'a dattawan unguwa suka cika benci. Da aka kira Arzika ya ba da shaida, ya hango su.

"Ya Haj, wa ya ƙera wannan?" Alƙali ya nuna wa Arzika mazurarin.

Sunan yana nan a bakinsa. Tun ranar suna bai taɓa furta shi ba, ko a ɗaki. Yanzu a gaban Modibbo limamin unguwa, da surukai, ake so ya buɗe baki ya kira shi, har ya yabe shi?

"Wani yaro ne."

"Wane yaro?"

"Yaran nan dai."

Lauyan Ɗanliti ya miƙe yana murmushin da ya fara tsami. "Baba, wancan na zaune, ba ɗanka ba ne?"

Arzika ya dubi silin. "Haka mutane ke faɗa."

Lauyan Haj Babikir, wanda ya girma a maƙwabtaka da Hausawa, ya taso a hankali kamar mai zuwa cin walima. "Ya Haj, tsakaninka da Allah, mutumin nan yana da basirar ƙera abu irin wannan?"

"Wannan?" Arzika ya ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, don wannan tambayar ya san amsarta tun yana yaro. "Ko akuya bai iya ɗaurewa ba."

Dattawa suka gyaɗa kai. Magatakarda ya rubuta, kalma bayan kalma, ya fassara da Larabci mai kyau. Kafin azahar doka ta gama kare mai ƙirƙira, wato Haj Babikir.

A gindin darbejiyar ƙofar kotu Maiturare ta tare ƙanenta.

"Sannu, ɗan mutunci! Da an tambaye ka ko kana da kai, cewa za ka yi haka mutane ke faɗa?"

"Yaya, a gaban jama'a fa ne."

"To a ina ake shari'a, a rumbu?"

Modibbo ya zo ya kama hannun Arzika. "Yau ka fitar da mu kunya. Larabawan nan sun ga tarbiyya."

Ɗanliti yana tsaye nesa kaɗan, jikin motar da za ta garin Doka. Arzika ya so ya ƙarasa gare shi, amma me zai ce? Sai ya juya ga yayarsa, ya rage murya.

"Ki faɗa wa yaron nan ya bar walda. Haj Babikir na neman direban tarakta."

"Wane yaro?" in ji Maiturare, ta yafa mayafinta ta wuce.