Kibiyar Da Ta Juya Baya

Wata takwas ta yi tana bin direbobin bas tasha-tasha da takardar tambayoyi: awa nawa suke barci, shekarun motar da suke ja, ciwon baya, faɗa da fasinja. Aikin digirinta ke nan, zanen da'irori da kibiyoyi masu nuna me ke jawo me. Malaminta kuwa, wanda ɗalibai ke kira Sai-Gobe, ya samo wata manhaja mai gwada dubban zane da kanta, ta zaɓi wanda ya fi dacewa da alƙaluma.

"Bar mata aikin, ta fi mu haƙuri," in ji shi.

Kwana biyu kwamfutar ofis tana huci. Da sakamako ya fito, sai ga kibiya ta taso daga ciwon baya ta soki shekarun mota.

"Malam, wai ciwon bayan direba ne ke tsofar da bas."

"Dubi ma'aunin dacewa dai. Ban taɓa ganin mai kyau haka ba."

"Ai hular wani ma takan zauna wa mutum daidai, ba ta zama tasa ba."

"Je ki nemo mata dalili, ki dawo gobe."

Ta fita tana tsaki. A tasha ta tarar da kawunta, direba ne da ya shekara talatin yana wannan aiki, yana goge gilashi. Ta zayyana masa komai don ya taya ta jin haushi. Ya yi dariya har da riƙe ƙugu, sannan ya tsaya.

"To, 'yar nan, ba ku sani ba? Duk wanda ya kai kukan ciwon baya, manaja cire shi yake daga doguwar hanya. Sabbin motoci kuwa can suke. Sai a ba ka akwala kana zagayen gari. Shi ya sa nake yin shiru da nawa."

"Kawu, na cika maka takardar nan da hannuna. Me ya hana ka faɗa?"

"Kin tambaya?"

Washegari Sai-Gobe ya saurare ta yana murmushi.

"Kin gani? Manhaja ba ta ƙarya."

"Ba ta san manaja ba, Malam. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama."

Bai musa ba, sai dai ya ce a ƙara tambaya ɗaya kan rabon motoci. Direba ɗari uku da goma sha biyu za ta sake bi da tambayar, rabinsu kuma sun canza tasha. Ta ɗauki jakarta, ko sallama ba ta yi ba.